Kwanon da Aka Dawo da Shi

'Yar uwa, tambaya gare ni gare ki. In kin aika wa maƙwabciya abinci ta ƙi ci, me ke fara zo miki a rai? Na san amsar: raini. Mu mata abin da ya shafi kwano ba mu ɗaukarsa da sauƙi.

A Tambuwal da Dogon Daji, har can Kebbe da Kuchi, da wuya a rasa Kirista a gari: matar ɗan sanda, malamar asibiti, 'yar bautar ƙasa, matar mai kemis, ko Badakkara daga ƙasar Zuru. Mu kuwa mun haɗa su a kwando ɗaya, duk "'yan coci" ne. To, ga inda gizo ke saƙa. A 2025 mun kama azumi ranar 1 ga Maris, Katolika suka kama nasu ranar Laraba 5 ga wata. Sai a ce mace ta yi farfesun buɗa-baki ranar Juma'a, ta raba gida biyu. Maman ECWA ta karɓa, ta cinye, ta aiko da godiya. Maman Katolika ta yi godiya, amma ta ba yara, ko ta ce a kai wa almajirai. Kafin a yi isha'i magana ta zagaye zaure da tsakar gida: "Wagga mata girman kai gare ta, ƙyamar abincinmu takai. Mi ya sa waccan ta ci?" Shi ke nan, kwano ya daina tsallaka katanga, gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu.

Alhali baiwar Allah azuminta take. Su Katolika da Angalika shekararsu a yanke take gunduwa-gunduwa. Tana farawa da Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, lokacin jira, sai Kirsimeti, sai azumin kwana 40 wanda ke farawa da Larabar Toka, sai Ista. Tokar nan da kike gani a goshinsu, ganyen dabino ko na kwakwa ne da suka riƙe a bikin bara aka ƙone, ana shafa ta don tuna wa mutum cewa ƙasa ce makomarsa. In kin ƙirga daga Larabar zuwa Ista za ki samu kwana 46, domin ba su sa Lahadi shida a lissafi. Azumin ba irin namu ba ne na barin ci da sha daga alfijir zuwa magariba. Rage ci ne, da barin nama ranar Larabar da ranakun Juma'a. Kifi kuwa ya halatta. Ƙananan yara dokar ba ta hau kansu ba, shi ya sa ta miƙa musu.

Ita ko ta ECWA ba ta yi sakaci da addininta ba. Cocinsu, wanda ya samo asali daga mishan ɗin SIM ya tsaya da ƙafarsa a 1954, shafa toka ba al'adarsa ba ce. Suna Kirsimeti, suna Ista, azumi kuwa sai lokacin da mutum ya yi niyya ko fasto ya sa. 'Yan Fentikos da yawa a watan Janairu suke nasu, wasu kwana 21. Shaidun Jehobah ma ko Kirsimetin ba su yi.

Wannan duk cikin gida ke nan. In kika leƙa Habasha, ƙasar Najjashi wadda Sahabbai suka yi hijira zuwa gare ta, sai ki riƙe baki. Azuminsu na gabanin Ista kwana 55 ne, ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu, kuma masu tsanantawa ba su sa komai a baki sai rana ta karkata. Ban da wannan ga azumin Laraba da Juma'a kusan duk shekara. Kirsimetinsu 7 ga Janairu ne, haka na Kibɗawan Masar da na Rasha. Lokacin da maƙwabciyarki ta gama wanke tukwanen biki, su can ba su ko yanka kaza ba.

Me ya raba su? Lissafin kwana ne kawai. Tun taron malamansu na birnin Nikiya a shekara ta 325 suka so a riƙa Ista rana ɗaya, kuma ƙa'idar da suka zauna a kai ita ce Lahadin farko bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris. Kin ji, ashe su ma da wata suke auna babban bikinsu, shi ya sa yake yawo tsakanin Maris da Afrilu. Amma tsohuwar kalandar Rumawa tana da 'yar ɓaraka, tana zamewa kaɗan-kaɗan. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara ta, aka kwana 4 ga Oktoba aka wayi gari 15 ga wata. Ingila ba ta yarda ba sai 1752, ita ce kuma ta kawo mana wannan kalandar. Majami'un gabas da yawa suka ce su suna nan kan ta kakanninsu, yau tazarar ta kai kwana 13. Don haka a 2024 Katolika suka yi Ista 31 ga Maris, muna tsakiyar azumi, Habasha sai 5 ga Mayu. A 2025 kuma lissafin ya haɗu, duk suka yi 20 ga Afrilu.

To wa ya fi wani tsoron Allah a cikinsu, mai kwana 55 ko mai 21? Ni dai ban ga mudun da za mu auna wannan da shi daga bayan katanga ba. Mu da kanmu fa? Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata daga Sakkwato, Nijar da ke nan kusa ta sha yin Sallah kwana guda gaba ko baya da mu, kuma ba wadda ta taɓa cewa dangin mijinta na Ƙonni sun bar addini. In za mu yi wa namu uzurin lissafi, don me za mu fassara na maƙwabciya da girman kai tun ba mu tambaye ta ba?

Na san wata za ta ce, "Ni ina ruwana da kwanakinsu, koyon addininsu zan yi?" A'a, Yaya. Sanin ranar da mutum ba ya cin nama daidai yake da sanin cewa surukarki ba ta cin gishiri. Kuma ki lura, ita ta san naki sarai. Ta san kada ta tsaya tana shan ruwa a gabanki da azumi, ta san ranar da za ta turo yara barka da Sallah, ta san in za ta ba ki kaza da Kirsimeti da rai za ta kawo, maigidanki ya yanka. Zama cikinmu ya koya mata, mu kuwa da yake mu ne da yawa ba abin da ya tilasta mu koyo.

In Juma'ar azuminsu ta zo kina son aika mata, ga ƙosai, ga kunun tsamiya, ga miyar busasshen kifin Yawuri. Farfesun ya jira Lahadi.