Zauren Kaka Ya Zama Shago: Gyara Ne Ko Cin Amana?

Duk wanda ya zaga Sabon nan tamu ta Ibadan a 'yan shekarun nan ya ga abin da muke gani. Gidajen da kakanninmu suka gina da ƙasa suka rufa da kwano, yau an yi musu filasta, an shimfiɗa tayil, an sa ƙofar gilashi. Zauren da fatake ke kwana a ciki ya koma shagon waya ko kemis. Wasu na cewa ci gaba ne, wasu na cewa cin amana ne. To, ina gaskiyar take?

Mu fara yi wa magada adalci. Rufi na yoyo, bango ya tsage, masu gado sun yi yawa, ga kuɗin makaranta, ga na asibiti. Mai cewa a bar gida yadda yake, ai ba shi zai kwana a ciki da damina ba. Gyara ba laifi ba ne. A zura ido gida ya rufta da sunan girmama tarihi, wannan ma sakaci ne.

Amma fa zaure ba ɗaki ba ne kawai. Tun da aka kafa Sabo a 1916, a zaure maigida ke saukar da baƙon da ya zo daga Arewa. Ya ba shi makwanci da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa a cinikin shanu ko goro, har a ba da bashi saboda sunansa. Nan ake sulhu, nan ake raɗin suna, nan yara ke karatun allo. A takarda gidan na mutum ɗaya ne, amma zauren na kowa ne. Ashe magada ba gini kaɗai suka gada ba, har da haƙƙin baƙo.

Ko za a iya sabunta gini ba a kashe amfaninsa ba? An yi, kuma Hausawa 'yan'uwanmu ne suka yi. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, tsohon masallacinsu na ƙasa ya lalace. Maimakon a rushe shi, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a kusa, aka kammala a 2018. Aikin ginin ya sauya, amma bai fita daga hannun jama'a ba.

Mu ma ga abin da za mu iya. A sa siminti, a sa silin, a fitar da shago ta gefe don haya ta shigo. Amma a bar ko da rabin zauren, da tabarma da buta, inda dattawa za su zauna, inda yaron da ya sauka daga tirela cikin dare zai sa haƙarƙarinsa. Kafin a kira birkila, a kira taron dangi, a tambayi tsofaffi abin da gidan yake yi wa unguwa.

Jama'a, mu tuna, dukkanmu jikokin baƙi ne. Da kakan wani ya iske ƙofar zaure a kulle, da yau ba a nan aka haife shi ba. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.