Hatsin Da Ke Rumbunka, Na Wane Ne?

Ya mai karatu, hatsin da ka zuba a rumbu bana, naka ne duka? Ko kuwa tun yana gona wani ya riga ya mallaki rabinsa?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne. Ciwo yakan zo ba sallama, ruwa yakan ɗauke da wuri. Wanda ya ci bashi don ya kai ɗansa likita, ko don ya sami irin shuka, ba mai zarginsa. Amma akwai wani bashi dabam, wanda kunya ke haifarwa. Sunansa bashin "kada a ce".

Kada a ce ragon sunanmu ƙarami ne. Kada a ce akwatin amarya bai cika ba. Kada a ce ɗakin ɗiyarmu bai kai na ɗiyar maƙwabci ba. Sai a jera kwanoni da tasoshi har sama, waɗanda ba za a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba. Buki kwana biyu ne ko uku. Baƙi su watse, makaɗa su tafi, a bar mai gida da mai bin bashi. Wannan ciwo ya daɗe. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, har doka gwamnati ta sa don a rage kuɗin aure. Amma doka ba ta shiga zuciyar mutum.

Bari mu yi lissafi. Da kaka hatsi yana araha, a lokacin ne kuma ake sayar da shi don buki. Kafin tsakiyar damina rumbu ya ƙare, hatsi ya yi tsada. A shekarar 2005, bayan fari da fara sun ɓata amfanin 2004, buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwannin jihohin Maradi da Damagaram. A ce mutum ya ranci jika 30 ya sayi buhu guda, da kaka ta zo buhu ya koma jika 15. Sai ya sayar da biyu kafin ya biya. Ya ci ɗaya, ya biya biyu, ko da ba a ɗora masa ruwa ba. Baɗi rumbunsa zai ƙare tun da wuri. Daga nan a sayar da akuya, a jinginar da gona, ɗa ya tafi bida wata ƙasa. Fari ba a hannunmu yake ba, amma shiga fari da tsohon bashin buki a wuya, wannan a hannunmu yake.

Kaya ma suna da nasu haraji. Babur yana son mai da gyara. Tufafin da ke ƙasan akwati suna son kulle da tsaro, gara kuwa tana jiransu. Kowane abu da ka tara yana cin wani yanki na kuɗinka da barcinka. Idan shekara ta zagayo ba ka taɓa shi ba, wa ke bauta wa wani, kai ko shi?

Wani zai ce: "Wannan ai rowa ce, za ta kashe zumunci." A'a. Zumunci a ƙafa yake. Wanda bashi ya ɗaure ba ya iya taimakon ɗan'uwansa ranar wahala, har yakan canza hanya don kada su haɗu da wanda ke binsa. Mai sauƙin kaya ne ke da tiya guda ta ba gwauruwa, da kuɗin mota na zuwa gaisuwa. Marowaci yana tarawa don kansa. Mai wadar zuci yana ragewa don hannunsa ya buɗe.

To, me za ka yi? Ka zauna da iyalinka, ku rubuta dukan bashin da ake binku, kada ku ɓoye ko dala. Ku fara biyan ƙaramin. Ku fito da kayan da ba ku amfani da su, ku sayar da wasu don biya, ku ba mabukata saura. Ku auna abincin shekara ku keɓe shi kafin a yi zancen buki. Ku koyi ajiya kaɗan-kaɗan. A 1991, a jihar Maradi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara: mata suna zuba ɗan abin da suka samu cikin akwati kowane mako, suna ranta wa juna, su raba in lokaci ya cika. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Mutane za su yi magana, amma maganarsu ba ta wuce mako guda. Bashi kuwa yakan kwana shekaru, har 'ya'ya su gāje shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin buki na gaba ku buɗe rumbu ku duba, ku yanke shawara tun hatsin yana naku.