Littafin baƙo da mudun hukunci

Duk inda ɗaliban jami'a suka kafa ƙungiyar karatun adabin wasu al'ummu, a Yamai ne ko a Damagaram, akwai tambayar da ba ta daɗewa take tasowa: shin mai karatu yana da hurumin yanke wa al'adar wasu hukunci, ko kuwa iyakarsa ya fahimta ya yi shiru?

A ɗauki Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. A cikinsa ana jefar da tagwaye a daji, kuma Okonkwo ya sa hannu a kisan Ikemefuna, yaron da ke kiransa uba. Wani ɗalibi zai ce wannan jahilci ne, ya rufe littafin. Wani zai ce al'adarsu ce, abincin wani gubar wani. Dukansu biyu sun guje wa aikin. Na farko ya yanke hukunci bai saurara ba. Na biyu ya ɗauki Ibo tamkar mutanen da ba su kai a yi musu tambaya ba, wannan kuwa raini ne cikin rigar ladabi.

Achebe kansa ya nuna wata hanya. Dattijo Ezeudu ya gargaɗi Okonkwo kada ya shiga kisan, Obierika kuma ya zauna yana tunanin laifin da tagwayensa suka yi. Ashe gardamar tana nan a cikin garin tun kafin ɗalibin Yamai ya buɗe littafin. Mai karatu na gari zai iya yanke hukunci, amma sai bayan ya nemo muryoyin gida da suka riga shi, ya ji hujjarsu.

Sharaɗi na biyu ya fi wuya. Idan ƙungiyar ta iso ga Une si longue lettre na Mariama Bâ, na 1979, inda mijin Ramatoulaye ya auro ƙawar ƴarsa ya yi watsi da uwargida, sai labarin Dakar ya yi kama da na maƙwabta. Nan ne mai zafi a kan Ibo kan fara neman uzuri. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Haka Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980: sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899 ƴar ƙasa ce, amma addininta na gargajiya baƙo ne ga yawancin masu alfahari da ita a yau.

Saboda haka nauyin malamin da ke jagorantar irin wannan zama shi ne ya tabbatar mudu ɗaya ake aunawa da shi, a Umuofia, a Dakar da Lugu. Ɗalibin da ya koyi haka a kan takarda zai buƙace shi ranar da aka kawo masa ƙarar Bafillace da manomi.