Ƙaron da Ke Jikin Izga

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge kafin wasa ya kankama, ya ga wani ɗan aiki da 'yan kallo ba su cika kula da shi ba. Masu ƙwarya na gyara zama, jama'a na ta hayaniya, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza izgarsa a jikin wani ɗan dunƙule da bai kai goro girma ba. Sau uku, sau huɗu, sannan ya ɗora ta a kan tsarkiya ya ja. Ƙaron itace ne wannan dunƙule.

Sauran kayan goge kowa na ganinsu. Ƙwarya ce aka rufe bakinta da fatar guza, aka yanke 'yar kafa a jikin fatar don murya ta samu hanya, aka soka sanda ta zama wuya. Tsarkiyar gashin wutsiyar doki ce, silalla masu yawa a haɗe, an ɗora su bisa ɗan itacen da ake kira jaki. Izgar ma gashin doki ce, ɗaure a jikin abin da aka tanƙwara kamar baka. To a haɗa duk waɗannan yadda ya kamata, a miƙa wa gwanin gwanaye, amma a hana shi ƙaro. Zai ja, ya sake ja, ba abin da zai fito sai ɗan huci kamar iska a dangar kara. Santsi ya gamu da santsi, kowa ya wuce abinsa.

Aikin da ƙaro ke yi a wannan ɗan tsakani ido ba ya kama shi. Izga mai ƙaro takan damƙi tsarkiya ta ja ta gefe, har tsarkiyar ta kai inda ba za ta ƙara biyuwa ba, sai ta kuɓuce ta koma da gudu. Kafin ƙiftawar ido izgar ta sake cafke ta. Wani masani Bajamushe mai suna Helmholtz ya yi bayanin wannan motsi a littafin da ya fitar a 1863. Idan tsarkiya ta ba da muryar da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa guda, to sau 440 ke nan aka kama aka saki a cikin daƙiƙar nan. Abin da kunne ke ji kamar zare guda miƙaƙƙe, mai sa dattijo ya lumshe ido, ashe ɗaruruwan riƙo da saki ne a jere. Kuma da ma'auni abin yake tafe. In ƙaro ya yi kaɗan, izga ta zame. In ya yi yawa, ta riƙe ta ƙi saki a kan kari, sautin ya fito da karta kamar ana jan kwano a kan siminti.

Daga ina ƙaron yake? Sai mutum ya bar gari ya shiga daji da ƙafarsa, musamman da rani, lokacin da ganye ya kaɗe kuma ƙasa ta tsage. A nan zai ga dakwara da ɗigon ƙaro kamar zuma ta daskare a reshenta, ko ararraɓi a kan tudun duwatsu, ɓawonsa na saluɓewa kamar takarda, ƙaronsa na ƙamshi. Masu sana'ar ƙaro a Yobe da Borno da Jigawa sun san lokacinsa: sukan ɗaye ɓawon dakwara bayan damina ta ɗauke, su tafi, su dawo bayan makonni su tarar ta zubo. Itacen da ke shan ruwa cikin jin daɗi ba ya ba da abin kirki. A bakin rauni ƙaro ke fitowa, don da shi itace ke toshe ciwonsa. Haka Mai Sama ya tsara, abin da itace ya yi jinyar kansa da shi, shi ne zai je gari ya buɗe bakin kayan kiɗa.

Mai waƙa da marubuci da mai zane su ma izga ce a hannunsu. Mutum biyu za su bi hanya guda a daji. Ɗaya zai dawo bai san ko kurciya ta yi kuka ba, domin hankalinsa na can gaba, a kan abin da zai tarar. Ɗayan zai dawo da ƙarangiya a gefen wando da wani abu maƙale a kunne: yadda sarewar makiyayi ke yankewa in iska ta juya, yadda gauraki ke amsa wa juna a fadama, amon gatari daga nesa da ke isowa bayan an ga saukarsa. Haka ma a gaban waƙar daɓe ko ta niƙa. Wani ya ji ta tun yana goye amma ba ta taɓa tsayar da shi ba. Wanda ta tsayar, shi ne mai ɗan ƙaro a zuciya, kuma sau da yawa in ka bincika za ka tarar akwai inda rayuwa ta taɓa ɗaye masa ɓawo.

Sai dai riƙo kaɗai ba ya kiɗa. Akwai yaron da ya kamu da muryar wani tsohon makaɗi har ya kasa sakinta: numfashinsa iri ɗaya, gaɓar da yake tsayawa iri ɗaya, har inda maigidan ke shaƙewa shi ma sai ya shaƙe. Ana jinsa ana tuna wani. Garba Liyo da Audu Yaron Goge, ko Hassan Wayam da Ahmadu Doka a ɓangaren kukuma, duk sun tarar da kiɗan ne a hannun na gaba da su, amma kowanne in ya ja izga masu saurare sun san ko wane ne. Sun riƙi abin da suka gada har ya ja su, suka kuma bar shi ya koma, suka sake kamowa. Ba banza ba Bahaushe ya ciro gogewa daga guga, ya ba wanda ya daɗe yana cuɗanya da aikinsa.

Ƙaro ba ya zama a izga. Yana ƙarewa a hankali, ya zuba kamar farin gari a kan fatar guza, kusa da jaki. Shi ya sa a tsakiyar dare, tsakanin waƙa da waƙa, za ka ga mai goge ya sake sunkuyawa yana murzawa, masu ƙwarya na riƙe masa kiɗa. Ranar da dunƙulen ya cinye kuwa, sai wani ya sake ɗaukar sanda da gora ya nufi daji, ya bi itatuwa ɗaya bayan ɗaya yana duba inda ɓawo ya tsage.