Littafin Da Aka Sakar Wa Jama'a, Nauyinsa Yana Kan Wa?

A shekarar 1973 aka buga wani littafin kiwon lafiya da harshen Sifaniyanci, wanda David Werner ya rubuta domin manoman duwatsun Sinaloa a ƙasar Meziko, inda likita ke wuyar samu. Fassararsa ta Turanci, Where There Is No Doctor, wato inda babu likita, ta fito a 1977. Mawallafansa, ƙungiyar Hesperian, sun ba kowa izini ya kwafe shi, ya fassara, ya daidaita shi da ƙasarsa, muddin zai rarraba kyauta ko a kan kuɗin bugawa kawai. Mai neman riba sai ya nemi izini tukuna. Ta haka littafin ya shiga harsuna fiye da 80, ma'aikatan lafiya na ƙasashe dabam dabam suna ta ƙara masa gyara.

Waɗansu za su ce marubucin ya cuci kansa, gama wanda ya yi noma shi ya kamata ya fara cin amfanin gona. Maganarsu tana da ƙarfi, marubuci ma yana da iyali. Amma ilimi ba hatsi ba ne: uwar da ta koyi haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa ba ta rage wa Werner kome ba.

A ganina, 'yan'uwa, tambaya mai wuya tana wani wuri. Littafin magani yana tsufa. A dā kulorokwin ne ake ba mai zazzaɓin cizon sauro, amma ƙwayar cutar ta daina jinsa, har Nijeriya ta sauya zuwa haɗin magungunan atemisinin a 2005. Tsohon kwafin da ke cikin akwati bai san da wannan ba. Idan wani ya ɗauke shi ya buga ɗari ya raba wa ƙauye da kyakkyawar niyya, yaro kuwa ya sha maganin da ba ya aiki, alhakin yana kan wa?

Ba ya kan marubucin da ya riga ya gyara sabon bugu. Wanda ya karɓi izinin kwafa ya karɓi rabonsa na aikin marubuci, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa Hesperian ke roƙon mai niyyar fassara ya tuntuɓe su kafin ya fara, domin a ba shi bugu na baya-bayan nan, kuma ya aika musu da kwafin abin da ya yi in ya gama.