Layi Ya Cika? To, Shigo!

Ƙanena, na ji kukanka. Ka tara ɗan jari da kyar, ka karɓi na'urar POS, ka kafa laima a Ƙofar Atiku, da ka ɗaga kai sai ga laima a dama, laima a hagu, wata kuma tsallaken titi. Gwiwarka ta yi sanyi. Kai ma mai sabon shagon ɗinki, da ke mai tallar turaren wuta a WhatsApp, duk ku matso.

Ku shiga Babbar Kasuwar Shehu Shagari ku duba. Masu atamfa layi guda suke, masu takalma layi guda. A Kasuwar Daji mai albasa kusa da mai albasa yake baje kaya. Kuna zaton iyayenmu ba su san lissafi ba ne? Mai saye inda ya san akwai zaɓi yake nufa. Wanda ya kafa rumfa shi kaɗai a fili, ba maƙwabci ba mai taya kaya, shi ne abin tausayi. Ɗan layi kuwa, in kayansa sun yanke, hannu yake miƙa wa na kusa da shi ya karɓo, ya sallami mai saye, a raba riba da yamma.

Dubi na'urar da ke hannunka ma. Kamfanin Moniepoint ya fara ne a 2015 da sunan TeamApt, yana rubuta wa bankuna manhaja. Lokacin da ya shigo harkar wakilan kuɗi a 2019, Paga ta yi shekara 10 da kafuwa, ga OPay, ga Firstmonie na First Bank. Da masu shi irin masu cewa "ai an riga mu" ne, da sun naɗe tabarma. Sai suka sa kunne ga kukan ɗan kasuwa: kuɗi sun fita, ba su shiga ba, mai kaya da mai saye suna ta rantse-rantse. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, manhajojin bankuna da yawa suka dinga sarƙewa, jama'a suka koma inda alat ke faɗowa nan take. A Oktoban 2024 darajar kamfanin ta haura dala biliyan 1. Ita ma OPay, a 2020 ta ajiye harkar acaɓa ta riƙe ta kuɗi. Ba kowace kokawa ake shiga ba.

Abin da nake jiye muku shi ne karya farashi. Maƙwabci ya rage caji, kai ma ka rage, ya ƙara ragewa, ka bi shi. Wata uku ku duka kuna cin uwar kuɗi. Wanda ya fi ka jari zai fi ka juriyar asara, wannan kam ba ja. Bar masa wannan fagen. Leƙa shi dai lokaci-lokaci, ba laifi, amma don ka ga wanda ya bari a tsaye. Ƙarfe nawa yake rufewa? Wace rana tsabar kuɗinsa ke yankewa? In kuɗin mutum suka maƙale, raka shi yake har su dawo, ko "sai ka je banki" yake cewa?

Laima ana saya a kasuwa, na'ura kowa ana ba shi. Amana ce ba a kwaikwaya cikin mako guda, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Saboda haka tashi! Gobe bayan Asuba ka riga kowa fitowa. Mahaucin da ke sauri zuwa kasuwar Kara yana neman tsaba tun kafin bankuna su buɗe. Gwaggon da ke cikin gida, yaro take aikowa da katinta tana fargaba; rubuta mata shaidar abin da aka cire, ka kira ta ka tabbatar saƙo ya isa. Mutum 10 na farko da suka tsaya gabanka, tambayi kowannensu abin da ya ɓata masa rai a wurin da ya saba zuwa, ka rubuta a bayan littafin cinikinka.