Wa ya fi ƙarfi, mai riƙewa ko mai saki?



Kwanakin baya an kira ni sulhu tsakanin wa da ƙani da suka shekara huɗu ba sa ga-maciji a kan gonar gado. An riga an raba gonar, kowa ya karɓi nasa, gaba ce kawai ta rage. Da na keɓe da yayan sai ya ce mini: "Malam, in na fara miƙa hannu, cewa za a yi na ji tsoro." Maganar nan ta tsaya mini a rai. A wurinsa riƙo shi ne ƙarfi, saki kuma rauni. Anya kuwa haka ne?

Duk wanda ya taɓa halartar wankan gawa ya san cewa in aka jinkirta, gaɓoɓi sukan sandare. Shi ya sa ake rufe idon mamaci, a ɗaure haɓarsa, a miƙe gaɓoɓinsa tun da ɗumi. Mutum zai zaci jikin da rai ya bari zai saki gaba ɗaya, tunda babu sauran ƙarfi. To me ya sa yake ƙanƙamewa?

Amsar tana cikin yadda tsoka ke aiki. Tsokar da ke motsa ƙashi tarin zaruruwa ce, a cikin kowane zare kuma akwai igiyoyi iri biyu a jere: mai kauri ana ce mata mayosin, siririya ana ce mata aktin. A 1954 Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, sannan Hugh Huxley da Jean Hanson, suka nuna cewa igiyoyin nan zamewa suke yi a kan juna, tsawonsu bai canzawa. Idan saƙo ya iso daga jijiya, sai sinadarin kalsiyam ya fito daga ma'ajiyarsa a cikin zaren, sai kawunan mayosin su cafki aktin su ja, su saki, su sake cafka a gaba, kamar mai jan guga daga rijiya hannu bayan hannu.

Ga inda darasin yake. Kan mayosin ba ya iya sakin abin da ya cafka sai sinadarin makamashin jiki, wanda ake kira ATP, ya zo ya manne masa. Mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa don tsoka ta huta, shi ma sai an kashe ATP. Idan numfashi ya tsaya, ATP ya ƙare, kalsiyam ya malalo, kawunan nan sukan cafka su rasa mai ɓamɓare su. Sandarewar gawa ke nan. Takan fara bayan 'yan awanni, ta cika wajen awa 12, kuma ba ta wucewa sai naman ya fara lalacewa. Ka ga ashe matacciyar tsoka ma ta iya riƙo. Saki kuwa sai mai rai.

Wannan misali ne fa, ba hujja ba, don tsoka ba ta da niyya balle a ba ta lada. Amma ka auna da zuciyarka. Riƙe mutum a rai ba ya buƙatar wani ƙoƙari, da kansa yake zama. Ɗaga waya ka kira wanda ya ɓata maka, ka gaishe shi da sunan da ka saba kiransa, wannan shi ne mai cin ƙarfi. Da yafiya aikin raggo ce, ai da ta cika gari.

Wani zai ce: to Malam, kullum sai saki? A cuce ni in yi shiru? A'a. Hannun da ba ya iya damƙa shanyayye ne. A nan ma tsoka tana da abin faɗa, don zaruruwanta ba iri ɗaya ba ne. Dubi naman kaza: ƙirji fari, cinya da duhu. Zaruruwan ƙirjin masu sauri ne, suna ba da ƙarfi mai yawa nan take, amma nan da nan suke gajiya, shi ya sa kaza ba ta nisa in ta tashi sama. Na cinya masu jinkiri ne, cike da hanyoyin jini da sinadarin mayoglobin mai riƙe iskar oksijin, shi ne ya ba su wannan launi, da su take wuni tana yawo. Mu ma muna da iri biyun. Tsokar da ke can cikin sha-raɓarka mafi yawanta masu jinkiri ne, su ke riƙe ka a tsaye ba ka ma san suna aiki ba.

Kuma jiki yana da tsari wajen kiran su: masu jinkiri yake fara sa wa aiki, sai nauyi ya yi yawa sannan ya tayar da masu sauri. Haka ya kamata fushi ya zama. Yana da ranarsa: in ana cin dukiyar maraya, in ana zaluntar mace a gidan aure, in ana danne haƙƙin ma'aikaci. Haƙƙin wani ba naka ba ne balle ka yafe shi, haƙƙinka ma kana da damar nemansa ta hanyar da ta dace. Matsalarmu ita ce mun juya tsarin. Fushi muke fara kira a kan ƙaramar magana, sannan mu riƙe shi shekara da shekaru, alhali ba don doguwar tafiya aka yi shi ba.

Na faɗa wa yayan nan kusan duk wannan. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani, har yau ina jiran kiransa. Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, akwai wanda aka riga aka warware maganarku da shi amma har yanzu hannun zuciya yana dunƙule? Tambayi kanka tsakani da Allah: wannan riƙon ƙarfi ne, ko sandarewa ce?

Allah ya tausasa zukatanmu, ya ba mu ikon saki tun muna da numfashi.